Kwanon Dogo

Ɗan Gwaggo,

Ina yi maka sallama, kai da maiɗakinka da yara. Ina fata kowa lafiya, shagon aski kuma yana tafiya. Direban da ke kawo mana sabulu ya isar da saƙonka, wai ka yi ta kirana ban ɗauka ba, ko girman kai na fara. Ban fara ba. Ina ganin kiran, ina kallonsa har ya katse. Wayar nan ba ta hira ba ce yanzu. Lambata kaɗai ɗana Dogo ya haddace, ba na so ranar da zai ari wayar wani ya neme ni ya tarar ina kan layi. In kana da magana ka rubuta ka ba direban, ai ta ƙofar shagonka yake wucewa.

Babu wani labari. Tun da jirgin dakon da yake aiki a ciki ya kife a kogi, waɗanda aka tsamo an tsamo su, shi ba a gan shi ba. Masu jirgin sun daina nema. Maƙwabta sun zo yi mini ta'aziyya, na ba su ruwa suka sha, na ce musu ban yi rashi ba tukuna. Sun daina zuwa.

Ina zuwa gidan wanki kullum. Teburin gugata shi ne na ƙarshe, kusa da taga. A kawo kaya in goge, a kwashe a kawo wasu.

Abin da ya sa na ɗauki biro, na tuna ka taɓa fama da ciki. Nawa ya fara. Wuta ce a ƙahon zuci, ga gyatsa mai tsami, ga kumburi ko ruwa na sha. Da na yi amai a bayan injin wanki sai mai gidan wankin ta tura ni asibiti. Likita ta ce ba gyambo ba ne tukuna, bangon cikin ne ya kumbura ya yi ja, kuma an ga wata ƙwayar cuta da ke zama a wurin. Ta rubuta mini magunguna. Ta hana ni yaji da soye-soye da shayi mai kauri, da ƙwayoyin ciwon jiki da nake sha saboda tsayuwa. Na ce to.

Ka rubuto mini yadda ka yi da naka. Ba don na damu ba, mai gidan wankin ce ba ta son amai kusa da kayan mutane.

'Yar Kawunka

* * *

Sha-Yaji, taubashiyata,

Na karɓi sallamarki da hannu biyu. Mu duk lafiya, ban da autanmu da ke raba wa kowa mura. Maiɗakina ta ce kina cikin addu'arta, ke da Dogo. Maganar waya na ji, ba zan ƙara kira ba. Ni ma na fi son takarda, don a takarda ba ki da damar katse ni.

Yau ga ranar da na daɗe ina jira, an hana Sha-Yaji yaji! Ke da kike tauna ɗanyen barkono a gidan Kaka kina kallon idona, ni ina hawaye a madadinki. Da likitar nan ta san tarihinki, sammaci za ta rubuta miki ba magani ba.

To, saurari tsohon hannu. Duk kan da ya zauna a kujerata likita ne, kuma na gwada maganin kowa. Wani ya ce lemon tsami a ruwan zafi da sassafe, ranar sai da na rufe shago na kwanta a benci. Wani ya ce madara mai sanyi. Tana kwantar da wutar na ɗan lokaci, sannan wutar ta dawo da 'yan'uwanta. Wani ya ce ruwan kabeji. Ban san ko ya yi wa cikin amfani ba, na dai san maiɗakina ta koma ɗakin yara da kwana.

Abin da ya yi mini aiki ba shi da daɗin faɗa. Ki shanye magungunan kashe ƙwayar cutar har ƙarshe, ko da bakinki ya yi ɗaci kamar kin tsotsi ƙusa. Ƙwayar da aka ce kafin kari, kafin ne, na san ki da gardama. Kada ki bar ciki ba komai, kada kuma ki cika shi dam, kaɗan-kaɗan akai-akai. Ayaba da dafaffen dankali a jakar aiki, a gida shinkafa mai laushi da dafaffen kifi. In kin ci kada ki kwanta nan take. In ƙafa ta dame ki, ki tambayi likita abin da za ki sha, kada ki koma wa waɗancan ƙwayoyin, su suka fara huda ni.

Ga zuma nan na ba direba, cokali ɗaya a ruwan ɗumi. Ban ce magani ce ba, amma wanda aka raba da yaji yana bukatar abin ɗebe kewa. Ki duba murfin, ban yarda da idon direban nan ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a takardarki. Daga farko har ƙarshe ba ki kira ni Sanƙo ba. Tun da gashina ya fara zubewa ba ki taɓa barina na sha ruwa ba, wai mai askin da ba shi da abin askewa. Yanzu sai Ɗan Gwaggo, kamar kina rubuta wa hukuma. Wannan ya fi ciwon cikin tayar mini da hankali.

Naki, ko kin ƙi ko kin so,
Sanƙo

* * *

Ɗan Gwaggo,

Gaisuwa gare ku duka. Allah ya ba autanku lafiya. Zuma ta iso da murfinta a rufe, ka bar bawan Allah ya huta.

Na yi duk abin da ka ce, da abin da likita ta ce. Na shanye magungunan, bakina ya yi ɗaci, ya daina. Shayi na bari, ƙwayoyin ciwon jiki na zuba a shara. Ayaba ina ci a tsaye kafin dutsen guga ya ɗauki zafi. Tsohuwar da ke ninke kaya kusa da ni ta ce tausayina take ji, kullum farin abinci. Ni ban ga abin tausayi ba. Tun da abin nan ya faru ba na jin ɗanɗanon komai, da dankali da nama duk ɗaya ne a bakina.

Da yamma tukunya biyu nake ɗorawa. Tawa fara, gishiri kaɗan, ba mai ba yaji. Ta Dogo kuwa yadda yake so, ka san ya fi ni, sai mai ya taso ya rufe miya, yaji ya sa na ɗakin kusa tari. In zuba masa a kwanonsa mai murfi, in ci nawa. Da safe in wanke kwanon in tafi aiki.

Sauƙi dai babu. Da rana yakan lafa. Amma da safe, kafin in yi nisa da guga, sai wutar ta tashi har in dafe tebur. Na koma wurin likita, ta ƙara mini wani farin ruwa mai kama da alli, ta tambaye ni ko ina kiyaye abin da nake dafa wa kaina. Na ce ina kiyayewa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce kowa haka yake cewa.

An kawo wata riga shekaranjiya mai dogon hannu, irin tsawon nasa. Na goge, na ninke, na sa a leda. Na tsaya ina jira in ji wani abu. Ban ji ba, sai na ɗauki ta gaba.

Sunan da kake so in kira ka, na rubuta na ga bai yi kama da komai ba, na soke. Ka yi haƙuri.

'Yar Kawunka

* * *

Sha-Yaji!

Alhamdu lillahi! Ko gaisuwa ba zan tsaya yi ba, kowa lafiya. Ke wace irin mutum ce? Dogo ya dawo, shi ne za ki binne maganar a tsakiyar dankali da ayaba? Da na zo wurin tukunya biyu na yi ihu har wanda ke kujera ya zabura, na bar shi da rabin aski na ruga gida. Yara sun cika unguwa da albishir.

Yaushe ya dawo? A ina ya maƙale duk wannan lokaci? Ki ce masa kawunsa ya ce ya zo in aske masa gashin wahala, in kuma ja masa kunne. Ki ci gaba da cika masa kwano, yaro ya sha wuya. Ciwon ciki kuma yanzu zai tafi da kansa, ki zuba ido.

Na karya alkawari na kira ki, ba ki ɗauka ba, na ce hala kuna can kuna hira. Direba yana danna mini ham ɗin mota a waje, sai na ji ki.

Sanƙo

* * *

'Yar Kawu,

Ina gaishe ki, in har za ki karɓi gaisuwata. Mu lafiya. Direba ya zo ya wuce, ya sake zuwa ya wuce, ba takarda. Na tare shi na tambaya ko ya ga Dogo. Ya ce wane Dogo. Ya ce shi dai ya miƙa miki takardata a bakin tebur, kin karanta a gabansa, kin sa a aljihu, kin ci gaba da guga.

Na koma na karanta taki a nutse. Babu inda kika ce ya dawo. Ni ne na ga kwano na ƙera mutum a bayansa, don abin da nake so in gani ke nan. Na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ina janye albishir, kuma kunyar wannan ba komai ba ce a kan abin da na yi miki. Ki zage ni, ki kira ni duk sunan da kika ga dama, amma kada ki yi shiru.

Yanzu kuma direba ya ce wata yake gani a teburinki, ya tambaya aka ce ba ki da lafiya. Na ce ya bar wa tsohuwa mai ninki wannan ta kai miki. In ban ji daga gare ki ba zan rufe shago in taho, ki kore ni a bakin ƙofa in kin so.

Ɗan Gwaggonki

* * *

Ɗan Gwaggo,

Takardunka biyu sun same ni. Ina gaida maiɗakinka da yara. Kada ka rufe shago, na dawo gida.

Ban yi fushi ba. Na so in yi, na nema ban samu ba. Na karanta inda ka ce ya zo ka yi masa aski, sai na ce lalle gashinsa zai yi yawa yanzu. Iyakar abin da ya zo mini ke nan.

Asibiti aka kwantar da ni. Bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, na ɗauka maganin ne. Ran nan ina guga sai na ga taga ta karkace, na farka a ƙasa tsohuwa tana yi mini fifita da kwalin sabulu. Dutsen guga ya cinye zanen gadon wani otal. Sun ce jini nake zubarwa ta ciki. Sun ƙara mini jini, sun zura mini wata roba mai fitila ta maƙogwaro sun leƙa. Ƙwayar cutar ta mutu, in ji su, amma bangon ya ƙara ƙujewa har ya fara zama gyambon da aka ce babu.

Likita ta zauna a bakin gadona, ba ta yi faɗa ba. Ta ce magani yana gini wani abu yana rushewa, ita kuma ba ta bin mutane gida. Na ce babu abin da ta hana a cikin abincina. Ta ce in aka sake kawo ni a haka mai yiwuwa sai tiyata, kuma jikina ba shi da jinin da zai ɗauki tiyata. Na ce to. Matar gadon kusa ta fashe da kuka, na miƙa mata hankicina.

Abin da ya dame ni a can ɗaya ne, ba wanda ya ɗora tukunyar Dogo. Wayar tana ƙarƙashin matashina, nas tana sa mini caji. Amma da ya zo gida ya tarar da kwano a kife fa? Ranar da aka sallame ni, kafin in cire mayafi na kunna risho.

A asibiti cikin ya yi shiru har na manta da shi. Na dawo gida, ga shi ya fara gaishe ni da safe. Mai gidan wankin ta ce teburina yana jirana zuwa ƙarshen wata.

'Yar Kawunka

* * *

'Yar Kawu,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Mu lafiya, sai dai tun da takardarki ta zo ban yi wa kowa surutu a shago ba, har wani ya tambaya ko an canza mai askin.

Na karanta wa maiɗakina tana tsince shinkafa. Da na kai ƙarshe sai ta ce, "A asibiti ciwo ya kwanta, a gida ya tashi. Da rana lafiya, da safe wuta. Ita kuma kullum da safe tana wanke kwano. To, kafin a wanke, abin da ke ciki ina yake zuwa?"

Na buɗe baki zan ce ai maƙwabta take ba, sai na rufe. Kaka ce ta faɗo mini a rai. Kin tuna lokacin da Kawu, babanki, yake tuƙin babbar mota, ya yi kwanaki bai kwana gida ba? Kullum sai ta zuba masa ta rufe ta ɗora a kan kabad. Mu da muke lashe tukunya ba mai taɓa wannan kwano. Ba ta ba baƙo, ba ta zubarwa, wai in ta ba wani rabonsa ta cire shi daga gidan ke nan. Da safe sai ta zauna a bakin ƙofa ta cinye da sanyinsa, ta wanke, da yamma ta sake zubawa. Ni na manta da wannan. Ke kuwa a hannunta kika girma.

Ba zan sake ƙera magana daga abin da ba ki faɗa ba, na ji jiki. Tambaya ce kawai. Abincin Dogo, in gari ya waye bai zo ba, me kike yi da shi?

Ɗan Gwaggonki

* * *

Ɗan Gwaggo,

Na gode da sannu. Ka gaida maiɗakinka, ka ce mata kanta yana ja.

Ci nake yi. Me zan yi da shi? Ba na ɗumamawa, in na ɗumama ya zama nawa. In na tashi in sha ƙwayar likita, in buɗe kwanon in cinye a tsaye, in wanke. Mai ya daskare a kai, yajin ya kwana ya ƙara ƙarfi. Ba na jin zafinsa a baki.

Ban yi wa likita ƙarya ba. Abin da nake dafa wa kaina ta tambaya, na faɗa mata. Wannan ba abincina ba ne, na Dogo ne. Sai da na karanta tambayarka na tsaya na dubi kwanon, na ga ashe cikina bai san na wane ne ba.

Na san abin da za ka ce. In ba wa na ɗakin kusa, suna da yara. Ko in daina dafawa. Ranar da na miƙa wa wani kwanon nan, ko na bar shi a kife, ranar na karɓi ta'aziyyar da na ƙi karɓa. Masu jirgi sun daina nema, maƙwabta sun daina zuwa, kai ma ka yi murnarka ka janye. Saura ni da kwanon. In dafa masa fari irin nawa kuma, yaron da ya yi wannan doguwar tafiya ya buɗe ya tarar da abincin marasa lafiya? Tun yana ƙarami in miya ba ta sa shi gumi ba, ture mini ita yake yi.

Na ji abin da likita ta ce kan tiyata da jini. Ina jin maganar kamar da wata mata ake yi, wadda na sani sama-sama. Yau ma na ci.

'Yar Kawunka

* * *

Sha-Yaji,

Ina gaishe ki. Lafiyarmu ƙalau, kuma yau ba ita ce maganar ba.

Ba zan ce ki ba kowa kwanon ba, ba zan ce ki kife shi ba. Ba ni na haife shi ba, ba ni da bakin faɗar ranar da za a daina jira. Amma zan faɗi nawa. Tsoro nake ji. Kaka da lafiyayyen ciki take cin na Kawu, ke kina ci da ciki mai zubar da jini. In Dogo ya ari waya ya kira, wa zai ɗauka? In ya ƙwanƙwasa, kwano ne zai buɗe masa ƙofa? Kina tsare masa abinci kina cinye masa uwa.

Na tuna hutun da ya yi a wurinmu, shekarar da nawa cikin ya tashi. Maiɗakina ta ce ba za ta ɗora tukunya biyu ba, duk gidan aka koma cin abin da nake ci, yara suna hararata. Na zuba ido in ga ɗan Sha-Yaji ya ture kwano. Bai ture ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar kwalba, ya barbaɗa har abincin ya yi ja, ya ci yana gumi. Na ce wannan fa? Ya ce, "Mama ce ta daka mini. Ta ce gidan Kawu Sanƙo ba a san daɗi ba, in tafi da nawa." Har yarana ya riƙa sam wa a ɓoye.

Ban ce ki yi komai da wannan ba. Na tuna ne, na ce bari in gaya wa wadda ta daka.

Naki,
Sanƙo

* * *

Sanƙo,

Ina gaishe ka, da maiɗakinka da ta fi ka hankali, da yara. Na daɗe ban rubuto ba, na sani. Na koma aiki. Zanen otal ɗin da na ƙona, mai gidan wankin ta yanke inda ya ci ta shimfiɗa sauran a teburina, a kansa nake guga.

Kwalbar tana nan. Na same ta a tsohuwar jakarsa a ƙarƙashin gado, sauran gari ya dunƙule a gindinta. Na wanke na shanya. Na sayo busasshen barkono, na ɗaure hanci da ɗankwali na daka, na cika ta har wuya.

Tukunya ɗaya nake ɗorawa yanzu. In zuba masa in rufe, in ajiye kwalbar a gefen kwanon. In ya zo ya barbaɗa da hannunsa, ya yi mita in ya ga dama. Da safe in cinye, fari, in wanke. Ban ba kowa ba, ban kife ba. Na gaya wa likita duka. Ta ajiye biro, sannan ta ce in riƙa ɗumamawa sosai kafin in ci. Wannan ban yi alkawari ba tukuna.

Cikin ya lafa. Jiri ya tafi, wutar safe ta koma ɗan ɗumi, wata rana ma babu. Ya kamata in ce maka na ji daɗi.

Amma akwai abin da ba wanda ya gaya mini, kai ma tsohon hannu ba ka faɗa ba. Ashe wutar nan ita ta cika wurin. Kullum ina da inda zan dafe in ce ga abin da ke ciwo. Shekaranjiya na sa zumarka a baki na ji zaƙi, karo na farko tun ranar da jirgin ya kife. Na tsaya da cokali a hannu. Sai na dubi kwalbar, tana nan har wuya yadda na cika ta, ko kaɗan ba ta ragu ba. Kwanon kullum ina mayar da shi wayam, sai ya yi kamar an ci. Kwalbar ba ta yi mini wannan. Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi a bakin kogi ba, ban yi a asibiti ba. Matar ɗakin kusa ta shigo ba sallama ta zauna kusa da ni, ban kore ta ba.

Ban ce na karɓi ta'aziyya ba, kada ka je ka ƙera wata maganar. Yau ma zan zuba in rufe. Ina dai gaya maka yana yi mini ciwo yanzu, sosai, kuma babu inda zan dafe.

Ranar da ba ka buɗe shago, ka kira ni da yamma. Zan ɗauka. Amma na san bakinka, mai aski marar gashi. Ka gaishe ni ka ajiye, kada ka daɗe a kan layin.

Sha-Yaji